Zuwa ga Baban da ya tambaye ni ko daji ba ya son allura

Assalamu alaikum Baba, ina gaisuwa.

Ranar da aka gayyace ni shirin lafiya a rediyo nan Sakkwato, ka bugo waya daga wajen Gwadabawa. Ka ce muƙamuƙin jikanka ɗan shekara 6 ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙoransa na girgiɗi, mutane sun ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura. Ka tambaya ko gaskiya ne, da kuma dalilin da za a ce sai an kawo shi har birni. Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda ya kamata ba, kuma tun ranar yaron nan bai fita raina ba.

Gwaji ne zai tabbatar da ciwonsa, amma yadda ka kwatanta ya yi kama da sankarar da ake kira Burkitt, sunan likitan da ya fara bayaninta a Yuganda a 1958. Tana yawan kama yaran ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu. Saurin girmanta ya wuce misali, ƙullutun kan iya ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sai dai tana cikin waɗanda suka fi jin magani, kuma maganin ta jijiya ake ba shi. Allurar da ake tsorata ka da ita, ita ce makamin.

Na san inda maganar ta samo asali, ban kuma raina masu yin ta ba. Yaro kan yi wata da watanni ana shafe-shafe, ana tsaga, ana sakiya, sai ya galabaita a ɗauko shi. Kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa, a koma gida a ce allura ce. Na sha tsayawa bakin irin wannan gadon, Baba. Jinkirin ne ya cinye su.

Batun zuwa birni kuwa, ga dalili. Idan maganin ya fara narkar da ƙullutun, dattinsa kan yi wa ƙoda yawa, dole a yi ta ƙarin ruwa ana auna jini. Yana kuma rage ƙwayoyin jinin da ke kare jiki, ta yadda ɗan zazzaɓi kan zama abin gaggawa ko da tsakar dare ne. Wannan aiki yana son likitan yara da ya ƙware a cututtukan jini da sankara, da ɗakin gwaji, da ma'ajiyar jini. Shi ya sa ake turo irin waɗannan yara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda masu sikila ma suke ganin likitocinsu.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wahala: kuɗin mota, kuɗin magani, uwa ta bar gida ta zauna jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Cikin abin da ke jawo wannan tazara har da wanda ya fi ƙona min rai: bayan zubin magani na farko kumburi ya sace, yaro ya fara cin tuwo, sai a ce ya warke a tafi da shi. Ciwon yana nan kwance. In ya dawo, ba ya jin magani kamar da. Ko ya miƙe yana wasa, a cika zubin da likita ya ƙayyade.

Addu'a kam kada a fasa, mu ma muna yi. Amma kada wanzami ya taɓa wurin. Ku taho cikin makon nan, da katinsa na asibiti in yana da shi, da ƙarfafa biyu ko uku cikin dangi waɗanda za su iya ba da jini in an nema. Allah ya ba shi lafiya.

'Yarka,
ma'aikaciyar jinya a ɗakin yara, Sakkwato