A riƙa tantance littattafan ilimi kafin a saya wa yara

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin iyaye da shugabannin makarantu kan yadda ake sayen littattafan kimiyya da tarihi da sanin ƙasa da kiwon lafiya ga yara. Sau da yawa bango mai sheƙi da arha ake dubawa a biya kuɗi. Littafin ƙagaggen labari idan ya yi rauni, iyakarsa ya gunduri yaro. Na ilimi kuwa idan ya yi kuskure, yaro zai haddace shi ya rubuta a jarrabawa, wani lokacin ma ya aikata shi a jikinsa.

Abin da za a fara buɗewa shi ne bayan shafin farko, inda ake rubuta shekarar bugu da kamfani da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi. Tun daga 2007 wannan lamba tana da alƙaluma 13. A lura da bambancin sabon bugu da maimaita bugu: littafin da aka rubuta a 1995 aka sake buga shi bara ba tare da gyara ba, tsohon ilimi ne a sabuwar riga. Akwai tambayoyin da ke tona asirinsa cikin minti biyar. Jihohi nawa ya ce Najeriya na da su? Sun zama 36 tun 1996, kuma Jigawa ta fita daga Kano a 1991, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Taswirar Afirka ta nuna Sudan ta Kudu, wadda ta samu 'yanci a 2011? Duniyoyin da ke zagaya rana tara ya lissafa ko takwas? An cire Fuluto daga jerin a 2006. Littafin zamantakewa da ke cewa ƙasashen ECOWAS 15 ne ya riga ya tsufa, domin Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025. Taken ƙasa ma an koma tsohon a Mayun 2024. Idan an kama biyu daga cikin waɗannan, a ɗauka akwai wasu da ba a gani ba.

Inda muka fi damuwa shi ne shafukan taimakon gaggawa. Har yanzu ana samun littattafan da ke koyar da a tsaga wurin da maciji ya sara a tsotse dafin, ko a ɗaure ƙafa tamau da igiya. Likitoci sun daina wannan shawara: tsagawa na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ɗauri mai tsanani kuma yana hana jini gudu har naman ya lalace. Abin da ake so a gani shi ne a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Ƙuna ana sanyaya ta da ruwa mai gudu kimanin minti 20, ba a shafa mai ko ɗanyen ƙwai. Ruwan gishiri da sukari na gudawa kuma a duba awon da kyau: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kuskuren ɗab'i ɗaya da ya musanya awon gishirin da na sukarin zai iya cutar da jariri. Duk gwajin kimiyya da ya ƙunshi wuta ko kalanzir ko sinadarin wanki, dole a rubuta ƙarara cewa sai da babba a kusa.

Sai batun ko yaron zai iya karantawa. Shekarun yaran da aka rubuta a bango cewa littafin ya dace da su talla ce. A ba yaro ɗan ajin da ake nufi shafi ɗaya daga tsakiya ya karanta a bayyane, yana lanƙwasa yatsa duk inda kalma ta gagare shi. Idan yatsu biyar sun ƙare kafin ƙarshen shafi, littafin ya fi ƙarfinsa. Bayan nan a rufe littafin a ce ya faɗi abin da ya gane da bakinsa, domin akwai mai karanta Turanci tiryan-tiryan alhali bai san me ya karanta ba. 'Yan firamare ɗaya zuwa uku suna buƙatar manyan baƙaƙe, girman 16 zuwa 18 a ma'aunin rubutun kwamfuta, da gajerun jimloli. 'Yan sakandare kuma su samu jerin ma'anar kalmomi da fihirisa a ƙarshe, don su koyi nemo abu da kansu.

Littattafan Hausa suna da tasu matsalar. Idan babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, yaro ba zai bambance "baki" da "baƙi" ko "kafa" da "ƙafa" ba. A duba kuma ko marubucin ya tsaya kan kalma ɗaya ga abu ɗaya, kar ya kira shi da suna uku a babi uku. Wanda aka shigo da shi daga Turai mai koyar da yanayi huɗu da dusar ƙanƙara yana da amfaninsa, amma bai isa ya bayyana wa ɗan Katsina damina da kaka da hunturu da bazara ba.

Ƙirar littafin ma a gwada ta: a buɗe shi ɗai-ɗai a tsakiya. Wanda aka manna da gam kawai yakan fara zubar da shafuka idan zafin bazara ya buge shi, ɗinkin zare ya fi jure hannu arba'in. A ɗaga shafi a haske. Idan rubutun baya na leƙowa, takardar ta yi shara-shara. Hotuna masu dishi-dishi sau da yawa alamar bugun sata ce.

Muna kira ga kowace makaranta ta sa malamin darasin da mai kula da laburare su zauna da kwafi ɗaya na rabin awa, su gwada shi da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya, kafin a sa hannu a takardar sayen katan guda.

Daga wasu malamai da masu kula da laburaren makarantu, Kano.