Darasin Aljeriya kan yaƙin sari-ka-noƙe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, domin mu amsa tambayar da ake yawan yi a majalisu da tashoshin mota: ta yaya sojan da ke da jiragen yaƙi da tankoki zai kasa gamawa da mutanen da ke yawo a kan babura? Wasu na cewa cin amana ne, wasu na cewa ƙarancin kayan aiki. Ko an gyara waɗannan biyun, da sauran rina a kaba, kuma abin da ya sami Faransa a Aljeriya ya isa shaida.

Ranar 1 ga Nuwamban 1954 ƙungiyar FLN, mai fafutukar ƙwato 'yancin Aljeriya daga mulkin mallakar Faransa, ta fara kai hare-hare da mayaƙa 'yan ƙalilan, wasunsu da bindigar farauta. Cikin shekara 2 Faransa ta jibge soja sama da 400,000. Sai dai mafi yawansu gadi suke yi. An yanka ƙasar kamar yadda mai lambu ke yanka fangali, kowane yanki da sansaninsa, ana tsaron gadoji da layin dogo da turakun lantarki da gonaki. Soja dole ya tsare gada ɗari dare da rana, shi kuwa ɗan sari-ka-noƙe guda ɗaya zai zaɓa, a daren da ya ga dama. Kowane sansani kuma yana buƙatar ruwa da mai da abinci da harsashi, a kan hanyar da kowa ya sani, sau da yawa a ranar da kowa ya sani. A nan ake binne nakiya, a nan ake kwanton ɓauna. A watan Mayun 1956, kusa da garin Palestro, an hallaka sojan sintirin Faransa kusan 20 a kwanton ɓauna guda.

Lissafin da masana suka fi ambata shi ne jami'an tsaro 20 ga kowane mutum 1,000. Yankin da ke da mutum miliyan 5 yana buƙatar 100,000 ke nan, a cikinsu kuma kullum akwai masu hutu da masu jinya da direbobi da makanikai.

Faransa ta yi abin da littafin soja ya ce. A 1957 ta shata shingen Morice a iyakar Tunisiya, waya mai ɗauke da lantarki bolt 5,000, ga nakiyoyi a gefenta, ta toshe hanyar shigo da makamai. Daga 1959 Janar Challe ya riƙa share duwatsu daga yamma zuwa gabas da jirage masu saukar ungulu da ƙananan rundunonin farauta, har manyan rukunonin FLN suka tarwatse suka koma 'yan tsiraru a kogo. A fagen fama dai an kusa gamawa da su.

Inda Faransa ta faɗi shi ne wajen mutanen ƙauye. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan gari ba wawa ba ne. Soja ya zo da hantsi ya yi tambayoyi, kafin magariba ya koma sansani. Da dare mayaƙi zai zo, ya karɓi haraji da abinci, ya kuma san wanda aka gani yana magana da kyaftin. Mutumin da zai kwana a garin nan da matansa da 'ya'yansa, wa zai faɗa wa gaskiya? Da bayanan sirri suka ƙi samuwa sai aka koma ƙwatarsu da ƙarfi. Sojojin Janar Massu sun karya FLN a birnin Aljiyas a 1957 ta hanyar azabtar da waɗanda aka kama, kowane wanda aka azabtar kuwa yana da 'yan uwa. An kwashe mutanen karkara wajen miliyan 2 daga gonakinsu da dabbobinsu aka tara su a sansanoni. A Fabrairun 1958 jiragen Faransa suka yi luguden wuta a garin Sakiet Sidi Yusuf na Tunisiya ranar kasuwa, har da yaran makaranta a cikin mamatan, duniya ta juya mata baya. A gida kuma iyaye sun gaji da ganin ana riƙe 'ya'yansu sama da shekara 2 a aikin soja na dole. A Satumban 1959 Shugaba De Gaulle na Faransa ya amince Aljeriyawa su zaɓi makomarsu, aka sa hannu a yarjejeniyar Evian a Maris na 1962, a Yuli ƙasar ta samu 'yanci.

Ba muna haɗa FLN, wadda ta yaƙi ɗan mulkin mallaka, da masu kashe talakawa a Sambisa da tsibiran Tafkin Chadi da dazukan Zamfara ba ne, kuma sojanmu a gidansa yake, ba inda zai koma. Yadda yaƙin ke tafiya ne iri ɗaya. Da aka tattara sojoji a manyan sansanoni a Borno a 2019, an rage mamaye ƙananan sansanoni, amma ƙauyuka da hanyoyi da dama suka zama babu mai kwana da su. Bam ɗin da ya faɗa sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, da wanda ya faɗa kan masu Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023, bayan rayukan da suka ci, sun sa mai niyyar kawo labari ya ƙara yin shiru.

Roƙonmu ga hukuma: duk garin da aka ƙwato, a bar jami'an da za su kwana a ciki wata da watanni, a buɗe kasuwa da asibiti da kotu, a ɓoye sunan mai kawo labari ko daga abokan aiki. Idan an yi kuskure a bayyana sakamakon bincike, a biya diyya a hannun magada.

Wassalam.

Wasu masu nazarin harkar tsaro,
Kaduna.