Wasiƙa daga Kalaba

Assalamu alaikum, Malam Habu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Na san kana can kana cewa Kalaba ta cinye ni. To kai ɗin fa? Tun babbar salla ko filashin ba ka yi mini ba.

Makon jiya na taka Bakassi da ƙafata. Shekara nawa ina sayen banda da jatan lande a hannun mutanenta ban taɓa leƙawa ba, sai da wani masunci da muke ciniki ya matsa mini. Daga Ikang muka hau kwale-kwale mai inji. Habu, wurin nan ba ƙasa ba ce irin wadda muka sani. Tsibirai ne ƙanana, rafuffuka sun yayyanka su, tsakanin bakin kogin Kuros Riba da Rio del Rey, duka-duka murabba'in kilomita 665 ko kusa da haka. Itatuwan suna tsirowa ne cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Gidan mutumin nan a kan dirkoki yake. Da hantsi na ga laka a ƙarƙashinsa, kafin la'asar ruwa ya cika wurin, yara na ta iyo. Matarsa tana gaban taragar kifi, hayaƙi ya rina idanunta ja wur. Ga ruwa ko'ina, amma na sha sai wanda suka tara na sama ko aka kawo a jarka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen. Yawancinsu Efik ne da Ibibiyo, ana ƙiyasta su tsakanin 150,000 da 300,000. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a 2002, Obasanjo da shugaban Kamaru Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa shi a 2006, aka kammala miƙawa a watan Agustan 2008. Garin Abana ma yanzu Jabane ake ce masa. Mutumin nan inda aka binne cibiyarsa ke nan, amma an wayi gari shi baƙo ne. 'Yan'uwansa da suka taso suka dawo wajen Ikang kuwa, masunci ba ruwa, ina amfaninsa? Wallahi a daren nan barci ya ƙi zuwa.

Af, gaskiya ne Ɗanladi ya ƙara aure? A Bogobiri, unguwar Hausawan nan Kalaba, na ji, wurin mai shayi. Idan haka ne, ka gaya masa ya fara biyan kuɗin buhun nan tukuna. Kai kuma da kake tsoron kududdufin bayan gidanku, da na so in gan ka cikin kwale-kwalen nan.

Zan sa maka ƙullin banda a motar kaya ranar Asabar, ka raba da Inna. Ka ce mata ta wanke da ruwan zafi, akwai yashi.

Naka,
Isiyaku