Yaya Hauwa, maganar kwallin nan ce

Assalamu alaikum Yaya Hauwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ciwon ƙafar? Ya maigidan da yara, ya kuma haƙuri da halin da hanyar Anka ke ciki? Allah ya kawo mana sauƙi. Mu nan Boston lafiya lau sai sanyi, wanda har yau na kasa sabawa da shi.

Da gangan na rubuto maimakon saƙon murya, don kada Inna ta tsinci maganar a waya ranta ya ɓaci. Ke kika san yadda za ki shigar mata da ita.

Watan jiya na kai Amira awon shekara ɗaya. A nan ana ɗibar jinin yara a duba dalma, kuma nata ya nuna 7. Tun 2021 hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta ce yaron da ya kai 3.5 sai a bi sawu a gano inda yake samunta. Wallahi Yaya, ana cewa dalma gabana ya faɗi, 2010 ta dawo mini sabuwa. Kin tuna Dareta, Abare da Bagega, da 'Yargalma can Bukkuyum, yara suna jijjiga ana cewa sanƙarau ne ko iska, ashe dalmar da ke cikin ƙurar dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida ce. Yara sama da 400 suka tafi. Na'urar awon jinin da likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka zo da ita iyakarta 65, amma jinin yara da yawa ya zarce nan. Na ce wa likita to ai 7 da sauƙi. Ta ce ko kaɗan ce ba ta da daɗi a jikin yaro, don a hankali take taɓa ƙwaƙwalwa, ba zazzaɓi ba kuka, sai an sa shi makaranta a ga baya kamawa.

Ran nan ban yi barci ba. Na sayo abin gwaji na gida, wasu 'yan tsinkaye masu auduga kamar na goge kunne. Ana jiƙa kan da ruwan khal ya koma ruwan ɗorawa, sai a goga a jikin abu kamar daƙiƙa 30. In da dalma, sai ya rikiɗe ya yi ruwan hoda ko ja. Na bi gidan nan kaf kamar mai neman allura. Kofuna da kayan wasanta ba su nuna komai ba. Mabuɗin ƙofa da take yawan tsotsa, na tagulla, ya yi ruwan hoda. Bakin taga ma da farko shiru, sai da na kankare fentin sama da wuƙa na goga na ƙasa, audugar ta yi jawur. Gidan tsoho ne, an gina shi kafin 1978, shekarar da Amurka ta hana sa dalma a fentin gidaje.

Sai na zo kan tandun kwallin da Inna ta aiko da shi lokacin suna. Na daɗe riƙe da shi kafin in buɗe, har ƙamshin ɗakinta nake ji a fatar. Na goga, audugar ta yi baƙi ƙirin, ba ja ba komai. Har na yi hamdala.

Ashe baƙin ne ya rufe launin. Ma'aikaciyar lafiya da ta zo duba gidan tana ganin tandun ta ce, "Wannan tiro ne?" da sunan da Yarbawa ke kiransa. Ta ce a 2011, a garin nan, an sami jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Najeriya, da dalma a jininsa, kuma da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82 cikin 100 da 'yan kai dalma ce. Ta tafi da namu ɗakin gwaji, sakamako ya dawo cewa shi ma cike yake da ita. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, dutsen dalma ne. Yaro ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan. Ni kuwa kullum da safe sai na rangaɗa mata, ina cewa idonta zai yi kyau irin na Inna.

Don Allah Yaya, a daina sa wa jarirai, musamman jaririyar Maryam, ita ma mai jegon ta haƙura da shi. Ki ce wa Inna ba laifinta ba ne, da shi aka raine mu duka, alheri ta nufa.

Zan ba wani ɗan Gusau da zai taho bayan salla kwalba biyu na tsinkayen. Ki gwada fentin ƙofa da taga, da tangaran masu zane, da tukwanen da ake zubawa daga narkakkun tarkacen ƙarfe. In ya yi ja, a nisanta abin daga yara. In bai yi ba, kada ki saki jiki, kin dai ga yadda kwalli ya yi mini. Ba ya faɗin yawan dalmar, kuma ba ya aiki a kan ƙasa ko ruwa yadda za a dogara da shi. Awon jini ne mai raba gardama. MSF ta miƙa aikin maganin dalmar ga gwamnatin jiha a 2022, don haka ki tambaya a babban asibitin Anka, ni zan turo kuɗin mota da na awo.

Shi kuma Sani, tunda ya ƙi barin haƙar zinare, ya riƙa wanka da sauya kaya can kafin ya shigo, kada ya kawo ko tsakuwa ɗaya gida. A yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a yawaita musu wake, zogale da nono, don cikin da babu komai ya fi zuƙar dalma.

An sake fentin tagar, mabuɗin kuma na rataye shi sama. Wata uku za a sake ɗibar jinin Amira, ku sa ta a addu'a. Tandun sun maido mini, na wanke shi tas na ajiye a akwati.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Balkisu