Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Kumasi

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya baƙunta, yaya kasuwa? Inna tana gaishe ka, ta ce goron da ka aiko ya iso lafiya, har maƙwabta sun samu.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa maka maganar nan, don haka gara in fito fili. Akori-kurarmu ta kwanta kwana goma sha ɗaya, aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ya tashi daga aiki, kuma laifina ne.

Tun kafin azumi na fara jin wani kuka daga baya, siriri, kamar ana busa cikin kwalba. In na taka totur sai ya ƙaru, in na ɗaga ƙafa sai ya lafa. Na ce wa kaina taya ce. Ka san Fijo 504, ta saba mana da haƙuri har mun ɗauka ba ta ciwo. Kullum da safe ina ganin ɗigon baƙin mai a inda ta kwana, sai in tura ƙasa da ƙafa in rufe, kamar wanda zai ɓoye wa wani, alhali ni kaɗai ne a wurin.

Ranar da abin ya faru na ɗauko gero daga Bichi zan kai Dawanau. Lodin ya wuce ƙa'ida, ba sai na faɗa maka buhu nawa ba, don kada ka fasa karanta sauran. Muna cikin tafiya sai na ji ƙarar "ƙas", sannan wani gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Inji na aiki, giya na shiga, mota ta ƙi gaba. Da na kai hannu kusa da tulun aksil ɗin, zafinsa ya isa a gasa gurasa.

Ogan garejinmu da ya buɗe bai ce min uffan ba, sai ya miƙo min abin da ya tsiyayo a gwangwani. Man bai kai kofin shayi ba, ga shi fal da garin ƙarfe yana ƙyalli. Wai ɗan ramin da aksil yake numfashi ta nan ne laka ta toshe, zafi ya rasa mafita ya tura man ta bakin sil, robar da ke tare mai, boris ya bushe ya ci kansa, daga nan haƙora suka hau juna. Uku sun karye daga babban faifan haƙoran da ke cikin tulun. Ya ce sil ɗin da zan saya da kuɗin cin abincin rana shi ne ya jawo min wannan. Na yi shiru, me zan ce?

Na so a sauya haƙoran kawai, ya hana ni. Ya ce babban faifan da ƙaramin da ke juya shi tare ake yin su, kamar turmi da taɓarya, ba a aura wa ɗaya baƙo. Ko an samu biyun, saita tazararsu aiki ne na shafa fenti ana duba inda suke cizo, in an kuskure kaɗan kukan zai dawo. Ga shi kuma da ya ɗaura zare ya gwada, bututun kansa ya ɗan lanƙwashe saboda lodi. Ashe shi ya sa tayar hagu take cinyewa ta ciki, mu muna zagin mai faci.

Sai muka nufi Ƙofar Ruwa neman cikakken aksil. A nan na gane motarmu ta tsufa. Motar da tun 1975 aka fara harhaɗa 'yan gidansu a Kakuri ta Kaduna, wadda a da ko a ƙauye ka tsaya za ka samu kayanta, yau sai an shiga lungu ana tambaya. Na farkon da aka nuna mana fes yake, har na fara ciniki. Oga ya sa aka riƙe ƙafa ɗaya, ya juya ɗayar sau biyu yana ƙirga zagayen bakin da farfela ke kamawa. Ya girgiza kai. Ya ce wannan na gudu ne, zai yi daɗi a titin Zariya ba kaya, amma da buhu a baya sai ta yi ta nishi a kowane hawa tana cin kuloci. Na uku muka ɗauka, mummuna, duk tsatsa, amma ƙirgensa ya zo daidai da namu.

Kwana biyu aka yi ana ɗaurawa, don kusoshin da suka riƙe shi da sifirin sai da aka sa musu wuta. An sa sababbi, an sauya sil da boris, an zuba man giya mai lamba 90 har ya tumbatso ta ramin awo, aka fitar da iska daga birki. Jiya na kai ta Bichi na dawo, shiru kake ji, sai ƙarar ƙofar nan taka da ba ta rufuwa.

Batun kuɗi. Na taɓa kasonka na wata biyu don in cika, ban tambaye ka ba saboda kaya na jira. Na rubuta komai a littafi, kuma ni zan biya, in Allah ya yarda kafin kaka ta wuce. Wani dillali ya taya ta tun tana kan jak, na ce masa ba tawa ba ce ni kaɗai. Ni dai ba na son a sayar, amma ka faɗi naka ra'ayin.

Ka gaida uwargida da yaran. Ka rubuto da wuri, ko da faɗa ne.

Naka,
Amininka na Kano