Rundunar Libiya ta rushe tun kafin zuwan NATO

Malam Edita, assalamu alaikum.

Sharhin da kuka buga kan Libiya ya ɗora wa jiragen NATO na 2011 laifin wargajewar ƙasar kacokan. Ɓarna kam sun yi ta, kuma ƙuduri mai lamba 1973 na Kwamitin Sulhu kare fararen hula ya ce a yi, bai ce a kifar da gwamnati ba. Sai dai marubucin ya tsallake wata tambaya: me ya sa da Gaddafi ya faɗi ba a sami rundunar da za ta riƙe ƙasar ba? Wanda zai amsa wannan sai ya koma arewacin Chadi, shekarar 1987.

Tun 1973 Libiya ta mamaye zirin Auzu da ke iyakarta da Chadi, daga baya ta zarce kudu ta kafa sansanoni a Fada da Wadi Dum. Makamai ba a magana: tankokin T-55, motoci masu sulke, jiragen yaƙi na Tarayyar Sobiyet. Amma da yawan sojojin yara ne da aka ɗebo dole, ba su san hamadar ba, kuma mai da ruwansu daga nesa ake jigilar su. Sojojin Hissene Habre, shugaban Chadi na lokacin, ƙarƙashin kwamandansu Hassan Jamus, sun zo a motocin Toyota a-kori-kura da Faransa ta ba su, an girke wa wasu makamin MILAN mai fasa tanka daga nisan kusan kilomita 2. Dabararsu ita ce su shigo a guje ta ɓangarori biyu lokaci guda. Kafin bakin bindigar tanka ya juyo, motar ta wuce, har a ruɗe tankokin su riƙa harbin juna. Jiragen Faransa kuma sun hana na Libiya sakat. Fada ta faɗi ranar 2 ga Janairu, Wadi Dum a watan Maris, a Satumba kuwa 'yan Chadi suka tsallaka cikin Libiya kanta suka ragargaza sansanin jiragen Ma'atan as-Sarra. A 1994 Kotun Duniya ta ce Auzu na Chadi ne.

Cikin waɗanda aka kama a yaƙin akwai Kanar Khalifa Haftar. Gaddafi ya ce bai san da zamansu ba. Haftar ya koma ɓangaren 'yan adawa, ya yi kusan shekara 20 a Amurka, yau shi ke riƙe da gabashin ƙasar.

Gaddafi, wanda shi ma da juyin mulki ya hau a 1969, dama bai yarda da hafsoshi ba tun yunƙurin juyin mulkin da Umar Muhaishi ya yi masa a 1975. Bayan kunyar Chadi da tawayen hafsoshin ƙabilar Warfalla a 1993, sai ya bar rundunar ƙasa tana tsatsa, ya mayar da kuɗi da sababbin makamai ga birged-birged na musamman da 'ya'yansa da danginsa ke jagoranta, irin ta 32 ta ɗansa Khamis. Waɗannan ga gidan Gaddafi suka yi mubaya'a, shi ya sa da aka kashe shi a Sirte ranar 20 ga Oktoba 2011 suka watse tare da shi, rumbunan makamai suka zama na mai rabo ka ɗauka. Wani kaso ya bi ta arewacin Nijar ya faɗa Mali, inda tsohon kanar na sojan Libiya, Muhammad Ag Najim, ya jagoranci mayaƙan MNLA, ƙungiyar 'yan tawayen Abzinawa, a 2012.

Waɗanda suka karɓi mulki bayan Gaddafi kuma suka ƙara wa miyar gishiri. Maimakon su karɓe bindigogi, sai suka sa ƙungiyoyin mayaƙan garuruwan Misrata da Zintan da sauransu cikin jerin masu albashin gwamnati, kowacce da kwamandanta. Nan take masu kiran kansu 'yan juyin juya hali suka ninka, tunda riƙe bindiga ya zama aikin gwamnati. Dokar 2013 da ta haramta wa jami'an tsohuwar gwamnati riƙe muƙami ta kori ragowar masu ƙwarewa. A 2014 ƙasar ta dare gida biyu, kuma zaɓen da aka tsayar ranar 24 ga Disamba 2021 bai yiwu ba.

Ina roƙon idan za ku sake taɓo batun, ku haɗa da wannan ɓangaren.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Kano