Kafin Ka Sauka a Kubwa

Kano,
24 ga Mayu, 2023.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya mutanen Samaru? Mu nan ƙalau muke, sai zafi da jiran ruwan sama. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Na ji bayaninka cewa ƙungiyarku ta ɗalibai ta samu katin shiga filin rantsuwa a Abuja, har kai ma an ba ka ɗaya. Da farko na so in ce ka yi zamanka, tunda ranar Litinin ɗin nan ta 29 ga wata ba shugaban ƙasa kaɗai za a rantsar ba, har da gwamnoni 28. Ga Abba Kabir Yusuf nan gida, ga Uba Sani a Kaduna kusa da kai. Amma gani ya kori ji, mai karatun kimiyyar siyasa kuma ya kamata ya ga yadda mulki ke fita daga wani hannu ya koma wani. Na amince. Na zaɓi in rubuta ne domin na san halinka a waya, "to Baba, to Baba" har a kashe, kuma ba abin da ya zauna.

Na yi magana da aminina na Kubwa, ya ce gidansa gidanka ne. Ka san shi kana ƙarami, amma ba ka san abin da ke tsakaninmu ba. Tare muka yi kwalejin horon malamai, shi ya shiga aikin gwamnatin tarayya, ni na tsaya a aji. Yana cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Legas lokacin da Babangida ya dawo da mazaunin gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991, kuma gidan da yake ciki na gwamnati ne da ya samu ya saya lokacin da aka sayar wa ma'aikata gidaje a zamanin Obasanjo. Yanzu ya yi ritaya, fansho yake ci. Ka riƙe wannan, domin mutanenmu suna da wata fahimta, wai duk wanda ke zaune a Abuja kuɗi yake shara. Ɗakuna uku ne a gidan, da shi da Hajiya da 'ya'ya mata biyu da ba a aurar ba da autansu namiji. Ɗakin autan za a ba ka, ko ku raba shi.

Magidancin da ya fito daga Arewa ya zauna a garin nan ba ya rabuwa da baƙi. Mai neman aiki, mai bin fayil ɗin fansho, mai jiran biza, mai jinya a Babban Asibitin Ƙasa, kowa gidansa yake nufa, kuma kunya ba ta barin ya ce a'a. Makon rantsuwa kuwa abin ya fi ƙamari, otal-otal sun cika, kowane ɗan siyasa ya kwaso jama'arsa, su kuma su bazu gidajen 'yan uwa. Saboda haka in ya ce maka "ka saki jikinka", ka gode masa, amma kada ka saki duka. Baƙo raɓa ne.

Ka isa ranar Asabar, ka bar gidan ranar Talata da safe. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Za su ce ka ƙara kwana biyu. Haka ake faɗa, kai kuma ka ce akwai karatu a gabanka. Abu na biyu da ba na so ko a mafarki: kada ka kwaso abokai. Na san yadda ake yi, a tashar jirgi wani zai ce bai samu masauki ba, kai kuma da zuciyarka mai taushi ka ce ya biyo ka. Kai kaɗai na roƙar wa wuri. In wani ya rasa makwanci, shugabannin ƙungiyar da suka ɗauko shi su nema masa.

Wutar gidan ta mita ce mai kati, duk abin da ka kunna kuɗi ne ke tafiya. Ka goge kayanka tun daga Zariya. Kada ka jona hita, kada ka bar fanka tana juyawa ba kowa a ɗaki, in an ɗauke wuta kada bakinka ya furta maganar janareto. Ruwa ma ka yi tattalinsa, bokiti ɗaya ya ishi namiji wanka. Abin da aka ajiye maka ka ci, ka yaba, ko da ba irin girkin Innarka ba ne. In za ka ci a waje ka faɗa wa Hajiya tun da safe, kada a dafa da kai a wayi gari an zubar. Ka wanke ƙananan kayanka da kanka, ka naɗe shimfiɗarka, in ka ga Baba, wato mai gidan, zai wanke mota ka karɓi soson.

Sai maganar 'yan matan gidan. Ƙannenka ne, iyakarku gaisuwa. Ba shiga kicin, ba zaman falo bayan mai gida ya shiga ciki, ba karɓar lambar waya, ba fitowa tsakar gida da singileti. Ka yi sallama kafin ka shiga ko da an nuna maka ƙofa a buɗe take, yadda Suratun Nur ta koyar. Wayar nan taka kuma da ba ta rabuwa da hannunka, kada ka ɗauki hoton cikin gidan mutane ka ɗora a Facebook kana cewa ga ka a Abuja. In Baba yana magana ka kife ta. Mutum ne mai son labari, ya ga Abuja tun tana daji da ƙura, abin da zai gaya maka a zama ɗaya ba ka samunsa a lacca.

Game da salla, tunda zamanka bai kai kwana huɗu ba kana da damar yin ƙasaru in kai kaɗai ne. Amma na fi so ka riƙa bin Baba masallacin unguwa, in ka bi limamin gari kuwa cikawa za ka yi. In a gida aka tsayar da salla kada ka yi gaba don kana jin ka fi kowa tajwidi. Ba a yi wa mutum limanci a gidansa sai da izininsa.

Hanya kuma, na fi son ka bi jirgin ƙasa daga Rigasa. Na san Innarka ba ta manta harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris na 2022 ba, ni ma ban manta ba, amma jirgin ya dawo aiki tun Disambar bara, hanyar mota kuwa ga aikin gyara ga cunkoson wannan makon. Ka sayi tikiti ta intanet tun yau in ba ka saya ba, ka tafi da lambarka ta NIN don ana tambaya. A tashar Kubwa za ka sauka, kada barci ya kai ka Idu. In a mota ka dawo ranar Talata, ka fito da safe, kada magariba ta same ka tsakanin Abuja da Kaduna. Ta nan za ka ga Dutsen Zuma na jikin takardar naira 100, da mahaɗar Suleja. Ka san Suleja ita ce Abuja ta asali, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya raba gidansu da sarautar Zariya, sai da Murtala ya sa hannu a dokar sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976 aka ɗauki sunan aka ba sabon wuri. Kai da ke zaune a Zazzau bai kamata ka wuce nan ba ka sani ba. Ƙasar da aka gina birnin a kanta kuwa mafi yawanta ta Gbagyi ce, an tashi ƙauyukansu da dama kafin a shimfiɗa titunan da za ka gani. Suna nan a Kubwa, maƙwabtan Baba ne. Irin barkwancin da ake yi da sunansu a majalisun Kano ka bar shi a Kano.

Wannan ya kawo ni ga siyasa, inda na fi jin tsoron bakinka. Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.7 da ɗoriya, Atiku ya samu kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Ka haɗa ka gani, waɗanda ba su zaɓi mai rantsuwar ba sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa. A Abuja kanta Obi ne ya yi rinjaye, kuma ƙara tana gaban kotu, har ana ta muhawara a kan ko dole sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a birnin tarayya. Ma'ana, direban da zai ɗauke ka da mai shagon bakin layi da maƙwabcin da zai gaishe da Baba, ba lallai suna murnar da kake yi ba. Ni kaina ban tambayi aminina wanda ya zaɓa ba, kai ma ba ruwanka. Kada ka shiga unguwar da hular jam'iyya ko riga mai hoton kowa. Kai za ka tafi ranar Talata, shi za a bari da maƙwabta.

Kada kuma ka tafi da takardun neman aiki a jaka, ko ka ce wa Baba ya haɗa ka da wani babba. Duk wanda ya zo masa da wannan yake zuwa, ya gaji, kuma mai ritaya wayarsa ba ta shiga inda take shiga da. In lokacin ya yi ni zan yi maganar.

Ranar Litinin ka fita da an sallame Asuba. Daga Kubwa zuwa tsakiyar gari tafiya ce, kuma za a rufe titunan da ke kewaye da Eagle Square, wato filin rantsuwar, da Sakatariyar Tarayya, sai ka taka da ƙafa mai nisa. Ba acaɓa a cikin gari, an hana tun zamanin El-Rufa'i yana minista. Ka tambayi Baba inda ake hawa mota da inda ake sauka, da ɗan gari akan ci gari. Kada ka tsayar da mota a bakin titi don ka ga mutane a ciki, 'yan wan-cans, masu fashi da motar haya, haka suke farauta, fasinjojin nasu ne. Ka shiga inda ake lodi a tasha. Ka bar jaka a gida, katin gayyata da katin makaranta da waya sun isa, sai ɗan abin kare ruwa don damina ta sauka a can. Sojoji da 'yan sanda za su yi tsanani, kuma suna da dalili, a kusa da filin nan bama-bamai suka tashi ranar 1 ga Oktoba na 2010 ana bikin cika shekara 50 da samun 'yanci, aka rasa rayuka. In an ce tsaya ka tsaya, in an ce koma ka koma, ba gardamar ɗan jami'a, ba ɗaukar su hoto. In ka ga ana rabon kuɗi ko shinkafa ana turmutsutsu, ka canza hanya.

In ka samu shiga, ka kalli abin da ya kai ka. Wannan ce rantsuwa ta bakwai a filin tun da Abdulsalami ya miƙa wa Obasanjo a 1999. Alƙalin Alƙalai Olukayode Ariwoola ne zai rantsar, Kashim Shettima zai fara, sannan Tinubu. Za a sauke tutar ƙasa da ta rundunar tsaro, Buhari ya miƙa, a ɗaga sababbi, daga nan shi ya kama hanyar Daura. Mutane faretin suke kallo da harbin bindiga 21, ni kuwa kalmomin rantsuwar nake so ka saurara. Suna nan a jadawali na bakwai na tsarin mulkin 1999. Mutum zai riƙe Alƙur'ani ya ce ba zai bari son zuciyarsa ya shiga aikinsa ko hukuncinsa ba, zai yi wa kowane irin mutum adalci bisa doka, ba tsoro ba alfarma. Kalmomin ba su da aibu, waɗanda suka gabata ma su suka faɗa. Ka rubuta su a littafinka, da abin da zai yi alkawari a jawabinsa. Ka kasa kunne musamman a kan man fetur, domin kasafin bana bai tanadi tallafi ba sai zuwa ƙarshen Yuni. Don haka kuɗin motar dawowa ka ware shi daban da ƙari a kai, kada ka taɓa, kuma ka riƙe tsaba a aljihu, ka dai ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon shekarar nan.

Da an tashi ka koma gida, ba liyafar dare, ba bin abokai otal ɗin 'yan siyasa. Magariba ta same ka a Kubwa. In wani abu ya tsare ka, ka kira Baba kafin ya kira ka.

Ranar tafiya kada ka miƙa wa mai gida kuɗi, cin fuska ne. Autan za ka iya damƙa masa wani abu a hannu. Ka shiga ka yi wa Hajiya sallama a tsugunne, ka nemi gafarar abin da ka yi ba ka sani ba. In ka isa Zariya ka kira su kafin ka kira mu, kuma kada kiran ya tsaya a nan, Babbar Salla tana tafe, ka gaishe su.

Innarka ta haɗa tsaraba: gero, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, kilishi da man shanu. Na ƙara da turare na Baba. Za mu ba direba ranar Juma'a da safe, ka je Kwangila ka karɓa kafin a tafi masallaci, zan turo maka lambarsa. Hajiya za ka miƙa wa buhun, ka ce daga Innarka, turaren kuma ka ba Baba da hannu biyu. Ta ce in gaya maka robar man shanun kada ka kwantar da ita, murfin ba ya kamawa sosai.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, ya yi maka albarka. Haza wassalam.

Ni ne,
Mahaifinka.